Sa Hannun Malam Sabo

Madabo, Kano
14 ga Yuli, 2017

Zuwa ga maigidana, Malam Sabo maƙerin tukwane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka da sauran ƙarfi a jiki. Yaya gwiwar nan taka da ke tashi in damina ta sauka? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Mahaifiyarka Inna tana sa maka albarka, autarmu Bahijja tana gaishe ka.

Ashe kana raye! Shekara uku da wata biyu ban san ko ni matar aure ce ko mai takaba ba. Shekaranjiya da hantsi wani mutum ya yi sallama a soro, duk ya rame ya ƙare, ya ce shi ne Musa tela na Shahuci, wai ɗaki ɗaya aka kulle ku a wani bariki can nesa. Ban yarda ba, don 'yan damfara sun sha zuwar mana da irin wannan. Sai ya ce kullum kana yi wa tukunyar da ake dafa muku wake tsiya, wai wanda ya zuba ta bai iya aiki ba, gindinta ya yi kauri. Na ce shi ke nan, wannan mijina ne. Na zube a ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka tafi da kai. Musa ya ce akwai wani ma'aikaci a can mai ɗan tsoron Allah, shi zai miƙa maka wannan.

Har yau haushin buhunan nan bai sake ni ba. Sau nawa na ce ka bar tara gwangwanayen lemo a soro, ƙuda da tururuwa sun hana mu sakat? Ka ce gara ka tara kafin 'yan jari-bola su koma gona. Da jami'an tsaron nan suka shigo bayan la'asar suka ga buhu goma sha ɗaya, nan take fuskarsu ta canza, don a lokacin ana ta cewa cikin irin gwangwanin ake ɗura abin fashewa. Na fito ko mayafi ban gyara ba, na sauke tukunyar da ke kan murhu da miyarta na nuna musu. Na ce narka su kake yi, ga abin da suke zama nan, rabin Madabo a tukunyarka ake tuƙa tuwo. Babbansu ya ce tambaya biyu za ka amsa, kafin magariba ka dawo. Ni kuwa sakarya har tuwo na rufe maka.

Kada ka ɗauka zama muka yi. Lauya Ashafa, ɗan ƙanwar Inna na Ƙofar Na'isa, ya shigar da ƙara. Sau biyu alƙali yana ba da oda: ko a kawo ka gabansa, ko a sake ka. Na naɗe takardar a leda na kai ofishinsu da ƙafata, zuciyata fes. Wanda na tarar ya karanta, ya juya bayanta ya duba, ya miƙo mini abata. Ya ce maganar tsaro ce, daga sama take, kuma su ba alƙali ne ya ɗauke su aiki ba. Na tambaye shi ina ne saman, in je. Dariya ya yi ya kira na bayana.

Akwai abin da ke cina. Lokacin da bama-bamai suka yi ta kashe mutane a garin nan, ni da bakina na ce duk wanda aka kama kada a ɓata lokacin kai shi kotu. Ka ce in bi a hankali, in aka ba mutum ikon kama kowa ba tare da alƙali ba, ba ni zai tambaya wa zai kama ba. Na ce kai dai ka cika tausayin banza. Ka tuna? Ni ban manta ba.

Rubuto mini ko layi biyu ne, in ga rubutun nan naka mai kama da tafiyar kaza. Allah Ya kuɓutar da kai.

Matarka,
Larai

*

Madabo, Kano
20 ga Agusta, 2017

Baban Bahijja,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana samun abin ci da ruwan alwala. Amsarka ta iso a bayan kwalin sabulu. Na karanta wa Inna sau uku, ta karɓa ta shafa a fuska, tunda idon ya tafi gaba ɗaya tun bara. Sashe ɗaya ne ban karanta mata ba, kuma a kansa nake so mu yi magana.

Musa ya gaya mini yadda aka yi ya fito. Ya ce akan kawo muku takarda mai cewa kana tare da mutanen daji amma ka tuba. Wanda ya sa hannu a kai shi sansani ya yi wata shida, sai gida. Shi har keken ɗinki aka ba shi. Ya ce sau uku ana kawo maka kana mayarwa. Yanzu kuma ga shi ka rubuto da hannunka, wai ba za ka rantse a kan ƙarya ba, ba za ka tsaya gaban Allah da shaidar zur a kan kanka ba, kuma ba za ka bar wa Bahijja sunan 'yar tubabbe ba.

Haba Malam! Wane suna kuma ya rage? Tun ranar da aka fita da kai matan layin nan suka daina aiko yara ɗiban wuta gidanmu. A Islamiyya babu mai zama kusa da Bahijja. Da ka yi da ba ka yi ba, an riga an yanke mana hukunci a bakin famfo. Kai kana can kana gadin mutunci, mu muna nan babu mutuncin, babu kai. Taurin kan nan naka na san shi tun muna amare, ka ƙi cin abincin biki saboda an zuba a tukunyar wani. Amma wannan ba abincin biki ba ne, ranka ne.

Na yi wa Ashafa maganar, ya daka tsalle. Ya ce ko kusa kada ka sa hannu, babu komai a kanka sai gwangwani, odar alƙali tana nan daram, mu ƙara haƙuri. Na ce masa odar tana nan daram a ƙarƙashin katifata, in yana so in ɗauko masa. Shi yana komawa gida ya tarar da iyalinsa. Musa bai da lauya bai da oda, ga shi can yana ɗinkin Sallah.

Inna ta faɗi a bayi ranar Talata, ƙugu ya bugu. Duk wanda ya yi sallama sai ta ɗago kai ta tambaya ko kai ne. Ina ji maka tsoron kada ka fito ka tarar da tabarmarta a naɗe. Wallahi na gaji, Malam. Na gaji da zama namiji da mace a gida ɗaya.

Ka sake tunani. Allah Ya sassauta.

Taka,
Larai

*

Madabo, Kano
11 ga Satumba, 2017

Maigida,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ko da yake ban san ko kun san an yi ba. Ina fata jiki da sauƙi.

Tunda ka ce Allah kake tsoro, to na je na tambayo maka. Na sami Malam Ado, wanda kake ɗaukar karatu a zaurensa, na tsuguna daga bakin ƙofa na zayyana masa komai. Ya sa aka ɗauko littafi. Ya ce wanda aka tilasta ya faɗi ƙarya da baki alhali zuciyarsa ba ta tare da ita, babu zunubi a kansa, kuma tsare mutum shekara uku babu shari'a tilas ne babba. Ya ce in gaya maka shi ya faɗa. Malaminka ne, ba ni ba, balle ka ce surutun mata ne.

Sannan na karanta wa Inna sashen da na ɓoye mata. Ta yi kuka, ta ce in rubuta kamar haka: ita da ta haife ka ta umarce ka ka sa hannu, in akwai alhaki a wuyanta, in kuma ka ƙi ba ta yafe nonon da ka sha ba. Ka san Inna ba ta taɓa yi maka irin wannan furuci ba. Ni na zauna kusa da ita har ta faɗa, ba zan ɓoye maka ba.

Ashafa bai san da wannan takardar ba, kuma ba zan gaya masa ba. Wata shida ne kawai. Ka rufe ido ka sa, ka dawo mu ji da sauran.

Mai jiran ka,
Larai

*

Madabo, Kano
6 ga Nuwamba, 2017

Malam,

Assalamu alaikum. Na saba in tambayi lafiyarka, yau kunyar tambayar nake ji. Duk da haka, yaya jikinka?

Layinka ɗaya ya iso, cewa ka bi umarnin Inna. Ranar har ƙosai na soya na raba sadaka. Na ƙirga a yatsa, na ga kafin azumi kana gida.

Ranar Alhamis da safe Ashafa ya zo. Na shimfiɗa tabarma ya ƙi zama. Ya ce an kwashi alƙalai an kai su cikin barikin, an rufe ƙofa, babu dangi babu 'yan jarida, an yi wa ɗaruruwan mutane shari'a cikin kwana huɗu. Lauyan da ya tsaya maka bai taɓa ganin ka ba sai ranar. Duk wanda aka buɗe fayil ɗinsa ba a ga komai ba, an sallame shi, har da mutum biyu na ɗakinku da suka ƙi sa hannu. Naka fayil ɗin, ko maganar gwangwanin babu, an daɗe da mantawa da ita. Takarda ɗaya ce a ciki, mai kwana goma sha tara da sa hannu. A kanta aka yanke maka shekara ashirin.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce ina sansanin, ina wata shidan? Ya ce alƙawarin ai ba a rubuce yake ba. Na sama ne ke zaɓa, bara ya ga dama ya aika masu sa hannu sansani, bana ya ga dama ya aika su gaban alƙali, kuma babu mai tambayarsa dalili. Ya ce zai ɗaukaka ƙara, amma mutumin da ya amsa laifi da hannunsa, sai dai addu'a. Sannan ya tambaya, shi abin da ya kasa ganewa, me ya karya ka bayan shekara uku kana ƙi. Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, ya sa takalmi ya fita.

Musa ya zo yana kuka kamar yaro, na ce ya tashi, shi abin da ya gani ya faɗa. Malam Ado ma ba shi da laifi. Ranar da na je, bayan ya rufe littafin ya ce wannan hukuncin Allah ne ya gaya mini, na hukuma kuwa in koma wajen lauya kafin a yi komai. Na ji shi sarai. Na bar wannan ban rubuto maka ba, don na san in ka gani ba za ka sa ba.

Inna ba ta sani ba. Jiya ta tambaye ni saura wata biyar ko, na ce eh. Ta ce to za ta daure. Shekararka hamsin da biyu, Malam, na yi lissafin sau ɗaya ban sake ba.

An ce za a sauya muku wuri, ban san ko wannan za ta same ka ba. In ta same ka, don Allah kada ka yi saurin cewa ka yafe. Na san halinka, za ka ce ƙaddara ce, ka ce in kula da Inna. Ka yi fushi da ni ko na wata guda ne, zai fi mini sauƙi. Shekara uku suna fama da kai da duk abin da suke da shi, ba su sami hannunka ba. Ni takarda biyu na rubuta.

Allah Ya tsare ka inda ban isa ba.

Ni ce matarka, wadda ta sa ka,
Larai