Tsirkiya Ga Jitar Baba

Tchula, Mississippi
Yuni, 1974

Zuwa ga ƙanena Cleophus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Earline. Duba rubutun nan da kyau, hannuna ne. Na daɗe ina zuwa ajin yamma na manya a cocinmu, ina zama a kujerar yara gwiwoyina har haɓa, sai bana Malama Odom ta ce na isa in rubuta wa duk wanda nake so. Ban ce kai nake so ba, amma kai nake bukata.

Albishirinka! Jikata Luvenia, 'yar Ruby, wadda ba ka taɓa gani ba, tana kaɗa jitar ƙarfen Baba. Na dawo daga lambu da kuɓewa cike da hula, sai na ji gidana yana kuka irin kukan da ban ji ba tun rasuwar tsohon. Na leƙa, ga ta a ƙasa ta jawo jitar daga ƙarƙashin gadona, ta fasa kwalbar magani ta goge wuyan a jikin matakala ta zura a ƙaramin yatsa, tana jan sa a kan tsirkiya. Na ce, "Ke! Wa ya koya miki?" Ta ce, "Kai mana, Kaka. Kullum kana aski kana gunagunin waƙoƙin nan, ka zaci bango ba ya da kunne?" Kuɓewar nan duk ta zube, ban ma sani ba. Na zauna a bakin ƙofa ina dariya kamar wanda ya zare.

Fasto ya ji ta, ya ce ita za ta buɗe taron Komowa Gida, Lahadi ta uku a Agusta. Jinina, a gaban duk 'yan garin nan da ke dawowa daga Detroit da Memphis!

Ga matsalar. Ka san ɗaurin Baba na ƙasa ne, don muryarsa kamar daga rijiya take fitowa. Ita kuwa tata a sama take. Dole a murɗa kunnuwan jitar a ɗaga ɗaurin taki ɗaya, kuma tsirkiyoyin da ke kai sun yi tsatsa. A kantin garin Lexington iri ɗaya kawai suke sayarwa. An ce a Chicago ana samun kowace lamba ɗai-ɗai. Ka aiko mana da sirara, guda shida.

Ka gaida gida.
Yayanka,
Ozell Purnell

Chicago
Yuni, 1974

Dattijon Coci,

Na ga takardarka. Muna lafiya, ba don ka tambaya da zuciya ɗaya ba. Barka da koyon rubutu. Saura kunya.

Ranar da muka binne Baba na roƙe ka jitar nan a gaban mutane. Mama da bakinta ta ce wanda ke kaɗa ta shi ke da ita, kuma kowa ya san a cikinmu wa ke kiɗa, wa ke tafi kawai. Me ka ce? Ka ce akwatin Shaiɗan ce, ba za ta bi ni gidajen giya ba. Ka cusa ta ƙarƙashin gado kusa da fo, har na yi furfura ina kaɗa jitocin aro. Yau jikarka ta taɓa ta, shi ke nan ta tuba ta zama ta Ubangiji. Yaushe aka yi mata baftisma ban ji ba?

Sirara kuma! Jitar ƙarfe ba ta cin abincin marasa lafiya. Faifan alminiyam da ke cikinta sai an danne shi yake magana. Ka sa mata sirara ka ɗora kwalba, abin da za ka ji shi ne kukan sauro. Ga shida nan a cikin ƙunshi, irin na Baba, daga lamba sha shida har hamsin da tara. In muryar yarinya ba ta kai ƙasa ba, ta sauko. Jitar ta girme ta.

A sa wa jitar su ta sha iska kafin Agusta, don zan zo in ɗauki kayana.

Cleophus

Tchula
Yuli, 1974

Cleophus,

Ina gaishe ka don Littafi ya ce a gaida maƙiyi ma. Ka ji daɗi, ka yi ɓarna daga nesa ba tare da ka ɗaga ƙafa ba.

Ƙunshinka ya iso ranar da muka je jana'izar tsohuwa Pinkie Tate. Na bar shi a kan tebur. Yarinya ta gani, ta zaci abin da na roƙa ne ya zo. Ta cire tsofaffin ta ɗaura naka, ta shiga murɗawa tana neman muryarta. Ina hawowa matakala da rigar jana'iza na ji wani ƙas daga cikin gida, kamar an taka murfin gwangwani. Na san wannan ƙarar ba ta tsinkewar tsirkiya ba ce.

Na same ta ta riƙe jitar nesa da jikinta kamar jaririn da ya ƙi numfashi. Ta ce, "Kaka, ban yar da ita ba, na rantse." Na ce, "Taɓa in ji." Ta taɓa. Zzzz, kamar zanzaro a cikin bokiti. Na leƙa ta ramukan murfin, faifan ya lotsa ta gefe ɗaya.

Uwarta Ruby ta shigo tana cewa, "Baba, ai gara haka, dama karatun jinya zan tura ta, ba kiɗan bakin hanya ba." Na ce, "Ke rufe mana baki, da wannan kiɗan aka sayi takalmin da kakarki ta je coci da shi." Luvenia kuwa ta ƙi cin abinci. Tarwaɗa na soya mata da burodin masara, ko kallo ba ta yi ba. Ka san wani abu? Ina ganin hawayenta raina ya ɓaci, amma can ƙasan zuciyata murna nake. Yarinyar da za ta ƙi tarwaɗa saboda jita, wannan ba wasa take yi ba. Jinin tsohon ne.

Kai kuma da ka san waɗannan igiyoyin shanya naka za su danne faifan in aka ɗaga su, me ya hana ka rubuta? Ka sami wurin zagina har shafi guda, layi ɗaya na gargaɗi ya gagare ka. Ba ni ka cuta ba. Yarinya ce da ba ta taɓa yi maka komai ba, an riga an sanar da sunanta a kan mumbari.

Ozell

Chicago
Yuli, 1974

Ozell,

Kada ka shafa mini kashin kaji. Na rubuta baƙi da fari cewa irin na Baba ne, kuma yarinya ta sauko. Shekara nawa ka yi kana tsaye kusa da tsohon kana riƙe masa hula? Ko kare na gidanmu ya san masu kauri na ɗaurin ƙasa ne. Ka ɗaga su taki ɗaya, ka ɗora wa faifan buhun auduga a ka. Kai ne babba a gidan, kai ka bar ƙunshi a tebur ka tafi cin kajin makoki.

Kada ka bari kowa ya sa guduma ko cokali ya ce zai miƙe shi. Faifan da ya lotsa ya gama aiki. A duk yankinku babu mai sabo. Nan akwai wani tsohon Bature, Bapolishe, mai gyaran kayan kiɗa, yana da ragowa tun kafin yaƙi, kuma ni kaɗai zai ba wa.

Ka naɗe ta a bargo ka ba direban bas, zan tare ta a tasha. Amma ba na yaudara irin ta masu tsayawa a mumbari, don haka ka ji da kyau: in ta shigo gidana ba za ta sake fita ba. Ko ka riƙe gawa, ko ka ba ni ita ta rayu. Zaɓi.

Yarinyar ta nemi aron wata jitar. Ba ita ce ta farko da aka hana wannan ba.

Cleophus

Tchula
Agusta, 1974

Cleophus,

Babu gaisuwa yau. Ba za ka gan ta ba. Gara in rataye ta a bango tana zzzz har ranar tashin matattu da in aika maka. Na karanta wa Luvenia wasiƙarka da bakina don ta san irin dangin da Allah ya haɗa ta da su. Ta ce, "Kaka, shi wannan ƙanen naka, ya iya da gaske ko baki ne kawai?" Na ce, "Iyawa kam ya iya, hali ne babu." Na nemo mata jitar katako wurin jikan Tate, ta ɗora kwalba sau ɗaya ta ajiye, wai kamar mutum yana waƙa da matashi a fuska.

Na ajiye alƙalami a nan jiya, ban rufe ambulan ba.

Ta tafi. Da safe na je ban ruwan tumatir, na dawo babu ita, babu jita, babu bargon gadona. Mai sayar da tikiti ya ce ta hau bas ɗin arewa tare da matar Hollis, mai hidimar cocinmu, wadda za ta je ganin ɗanta. Ruby tana ta kuka tana cewa ni na zuga ta. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Greenwood ba!

Ka saurare ni. Na sa Ruby ta buga maka waya, amma ga shi a rubuce: ka tare ta a tasha. Ka ba ta abinci, ba ta son albasa. In ka ɗaga mata murya irin yadda ka saba, wallahi zan hau bas ɗin nan da tsufana. Jitar kuwa, ka ci nasara, ka samu abin da ka daɗe kana so, ta hannun yarinyar da ta fi mu zuciya ni da kai. Ka dubi idonta ka gaya mata cewa ranar Lahadi ta uku za ta tsaya a gaban jama'a hannu wofi. Ni ba zan iya ba.

Ozell

Chicago
Agusta, 1974

Kakana,

Ina gaishe ka da Mama, ina neman gafara. Na iso lafiya. Bargonka yana nan, bai yage ba.

Kaka Cleophus kamarku ɗaya, sai dai shi ba ya dariya. A tasha bai ce mini sannu ba, jitar ya fara karɓa. A gida ya kwance murfin a kan teburin cin abinci, ya ga faifan, ya faɗi kalmomin da ba zan rubuta wa dattijon coci ba. Kaka Earline ta ce, "Malam, a gaban yarinya?" Ya ce, "Yarinyar da ta iya kashe jita ta iya jin zagi."

Washegari ya kawo sabon faifai da tsirkiya cike da kwalin takalmi. Ya ce, "Yi waƙar." Na yi. Ya ce, "Ba wannan kukan kyanwar ba, buɗe baki!" Na buɗe. Sai ya shiga tonon kwalin. Ya ce kai da shi duk kun yi shirme, amma naka ya fi. Wai ba a sa wa jita sirara duka ko masu kauri duka, kowace da nauyin da za ta ɗauka. Ta farko ya bar ta da ɗan kauri don a kanta kwalba ke tafiya. Ta biyu da ta uku da ta huɗu, da suka fi shan ɗauri, ya rage musu. Ta uku sai da ya canza ta har sau nawa, ina rera layi ɗaya har maƙogwarona ya bushe. Kaka, da ka ji ta yanzu! Maƙwabcin sama ya buga ƙasa da tsintsiya, Kaka Cleophus ya ɗaga kai ya ce, "Buga da kyau, ka fita daga kiɗa!"

Da muka gama ya mayar da ita akwati ya tura bayan kujerarsa. Ya ce, "Gobe za ki koma, ita tana nan." Na ce, "To ni ma ina nan." Ya ce, "Gidan ubanki ne?" Na ce, "Gidan kakana ne." Ya ce, "Kin ɗaure ta da muryarki kin zaci kin saye ta?" Na ce, "Ba ni na ɗaure ta ba, kai ne. Ka kaɗa ta ka yi waƙa mu ji." Ya ɗauko, ya gwada. Ta yi masa sama, muryarsa ta karye a tsakiyar layi. Kaka Earline ta fita kicin tana tari, na san dariya ce. Tun lokacin bai yi mini magana ba, kuma bai sassauta ɗaurin ba.

Ban san yadda za ta ƙare ba. Kada ka ce wa fasto komai tukuna.

Jikarka,
Luvenia

Chicago
Agusta, 1974

Ozell,

Ka je tasha ranar Juma'a. Kaya biyu ne, ɗaya mai baki, ɗaya mai tsirkiya.

Jitar tawa ce, kuma ba kai na ba wa ba. Kada ka taɓa kunnuwanta. In ta uku ta tsinke akwai ragowa a aljihun akwatin, lamba ashirin da biyu, yarinyar ta san yadda ake yi.

Kada a yanka kaza saboda ni, ban ce zan zo ba. Earline ce ke tambaya ƙarfe nawa ake fara taron, kuma ko har yanzu bencin baya yana kusa da ƙofa.

Cleophus