Ƙafar Kawu Tanko Ba Ta Cikin Littafi

Bordo, Faransa, 9 ga Maris, 1956

Zuwa ga Kawu Tanko,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna Dije da mutanen Madarumfa duka. Yaya dungun ƙafar, ya rage zugi? Ni lafiya lau nake, sai dai na faɗi jarrabawar tarihi.

An tambaye mu abin da ya sa Jamus ta sha kashi a yaƙi. Amsar littafi ita ce ƙarancin mai, da sanyin Rasha, da masana'antun Amirka. Na rubuta duka. Sannan na ƙara da hatsin da kumandan Faransawa ya kwashe daga rumbunanmu, da ku samarin da aka ɗiba aka sa a bakin wuta. Malamin ya ja jan layi a kai, ya rubuta, "Wannan ba tarihi ba ne." Ashe ƙafar taka shan iska ta tsaya yi a Faransa!

Zan sake jarrabawar a watan Yuni. In na kuma faɗuwa, gida za a maido ni. Kada Inna ta ji.

Don Allah ka aiko mini da takardarka ta soja. Amsata ba za ta canza ba. Tunda shi takarda kaɗai yake yarda da ita, to ya karanta tasu, mai hatiminsu.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗiyarka,
Uwani