Baba a Ruwan Chomoni

Moroni, 9 ga Agusta

Yaya Soilihi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Roukia da yara. Yaya aiki, yaya Marseille? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso: maganin Baba, da tabarau biyu na shiga ruwa da bututun numfashinsu, waɗanda ka ce a ba yarana. Yaran ba su samu ba. Baba ya gan su a kan tebur, ya ɗauki ɗaya, ya tofa yawu a gilashin ya goge da yatsa, kamar yadda yake yi a da. Tun ranar yake ajiye shi ƙarƙashin matashinsa.

Ka tambayi jikinsa. Yana ci, yana barci, yana salla, wani lokaci azahar sau biyu. Tun ƙaramar Sallah bai kira sunana ba. "Baiwar Allah" yake ce mini, in na kawo abinci ya yi godiya kamar baƙo. Jiya ya ce, "Baiwar Allah, mutanen gidan nan suna da kirki, amma gobe zan koma Chomoni, na bar kwalekwalena a kan dutse." Ka san shekara goma sha ɗaya ke nan da sayar da shi.

Maigidana Bacar ya ce mu kai Baba Chomoni ranar Lahadi ya ga wurin. Yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Zalhata

Moroni, 16 ga Agusta

Yaya Soilihi,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Mun je Chomoni mun dawo.

Mun isa da hantsi, ruwa ya janye. Wurin yana nan yadda ka san shi, ɗan farin yashi tsakanin baƙaƙen duwatsun da dutse mai aman wuta ya amayo, masu yanka ƙafa. Baba da yake bin bango kafin ya kai bayi, sai ga shi ya tuɓe takalmi yana taka su kai tsaye, tabarau a goshi. Na ce Bacar ya bi shi. Ya ce, "Ni ɗan tudu ne, ku ne kifaye. Je ki, ni zan tsare takalma."

Na shiga da rigata da wando, na ɗauki ɗaya tabarau ɗin. Rabona da sa fuska a teku tun kafin aurena. A ƙasa dutsen ya ci gaba, ninki a kan ninki kamar zanen da aka yar, murjani ya fito a tsagoginsa, ƙananan kifaye rawaya suna shiga suna fita. Baba yana gefena, yana nuna mini ramuka da yatsa, numfashinsa a daidai.

Laifina ne abin da ya biyo baya. Na ga kunkuru, na bi shi har na wuce hancin dutsen da ke tare igiyar ruwa. Da na ɗago, Bacar ya zama ɗan ƙarami, ruwa yana jana waje. Na juya ina dukan ruwa da ƙarfi, ban matsa ko taku ɗaya ba. Ruwa ya cika bututun, na sha, na sake sha. Na tuna yarana, na kuma tuna cewa ni na kawo tsoho mai shekara saba'in da huɗu nan.

Sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya, ga muryar Baba a kunnena.

"Ke Zalhata, sau nawa zan hana ki kokawa da ruwa? Kwanta rigingine."

Na kwanta.

"Bar shi ya tafi da ke. Bayan dutsen can yake sauke mutum. Ki shiga da ƙafa, ba da hannu ba, akwai ƙaya."

Haka aka yi. Ruwan ya zagaya da mu, ya ajiye mu inda ya ce. Gwiwoyina biyu sun yanke, shi ko ƙwarzane babu.

Muka zauna a inuwa muka ci soyayyen rogo da kifi. Baba ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce wa Bacar, "Matar nan taka ta iya ruwa. Wa ya koya mata?"

Na ce, "Babana."

Ya ce, "Ya san aikinsa. Haƙuri ne kawai bai koya miki ba, baiwar Allah."

Yaya, takardun gidan kula da tsofaffi na Marseille da ka aiko tun Yuni suna nan, ban sa hannu ba, kuma ba zan sa ba. Na san likitocin can sun fi, na san don ka sauƙaƙa mini ka yi. Ba kuma cewa nake ya warke ba: ranar Litinin ya tambaye ni ko Mama, Allah ya jiƙanta, ta dawo daga kasuwa. Amma Bacar ya yarda za mu riƙa kai shi duk Lahadin da teku ya kwanta, kuma na yi alkawari ba zan ƙara wuce hancin dutsen ba.

Ka zo a hutun Disamba, ka taho da gajeren wando. Ban ce zai gane ka a gida ba. A ruwa, wataƙila.

Ka gaida Anti Roukia da yara.

Ƙanwarka,
Zalhata