Wayar Azariya

Zuwa ga Yaya Ezekiyel,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Maman Tamar da yara? Yaya Kafanchan? Mu nan ƙauye muna ta haƙuri.

Na rubuto da hannu ne don ba ni da waya. Ranar da kuka raba kayan ƙaninka Azariya, kai ka ɗauki tasa. Lokacin baƙin ciki bai bar ni na roƙa ba. Keke da kwat ɗin coci duk na bar muku. Wayar kawai nake roƙo.

Ka san kowace safiya sai ya kira gidan rediyo a kan gadarmu da ruwa ya cinye, har a kasuwar Madakiya ana ce masa Sanatan Gada. Ni ma na sha yi masa tsiya, in ce kununka ya huce, Sanata, ba mai jin ka. Ranar da maciji ya sare shi a gonar citta, rafi ya cika. A bakin gadar nan muka zauna muna hango motoci a ƙetare. A cinyata ya cika.

Ina so in kira mutanen gidan rediyon da lambarsa da suka sani, in faɗa musu abin da ya sa ya daina kira.

Matar ƙaninka,
Zipora

Zuwa ga matarmu Zipora,

Bayan gaisuwa da fatan Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi, na samu takardarki ta hannun Patrick mai okada.

Ba don kwaɗayi na ɗauki wayar ba. Na kashe ta ne na sa a akwati. Tun marigayi yana da rai, shugabana a ofis ya kira ni ya ce, "Wannan mai surutu a rediyo ba ɗan gidanku ba ne?" Ya nuna mini cewa canjin wurin aiki ba wuya gare shi. Na kusa ritaya, yara kuma suna makaranta.

Ban da haka, kina cikin makoki. Dattawa ba za su so a ji muryarki a duniya yanzu ba. Ki bar wa Allah.

Naki cikin Ubangiji,
Ezekiyel

Yaya Ezekiyel,

Ina gaisuwa. Na ji tsoronka, kuma ban raina shi ba. Abincin yaranka ne.

Ni ban wuce firamare ba, ban taɓa riƙe littafin tsarin mulkin ƙasa a hannuna ba. Amma sashe na talatin da tara na haddace shi a gindin murhu, don kullum sai Azariya ya maimaita: kowane ɗan ƙasa yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa. Yanzu ina ta juya maganar. Mai aikin gwamnati ba shi da baki. Mai makoki ba ta da baki. Wanda yake da bakin kuma mun binne shi. To, Yaya, wa aka rubuta wa sashen?

Na bar wa Allah ran mijina. Gada kuwa ba Allah ya ce zai gina mana ba.

Zan iya aron wayar maƙwabciyata Emilia, amma ba na so in yi a bayan idonka. Ba zan zagi kowa ba, ba zan kira sunanka ba. Ita Emilia cikinta ya tsufa, damina kuma ba ta wuce ba. Duk sanda hadari ya haɗu sai in ga ta fito ƙofa tana duban rafi.

Ka gaishe da gida.
Zipora

Zipora,

Da na karanta takardarki sai na kunna wayar. Kafin in tafi ofis ta yi ƙara. Mai gabatar da shirin rediyon ne da kansa. Ya ce, "Sanata, lafiya? Masu sauraro suna cigiyarka." Na ce masa ba lambar ba ce, na kashe. Ɗan uwana uwa ɗaya, na kasa faɗin ya mutu. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ga wayar nan a hannun Patrick, na cika mata caji. Layinsu yana da wuyar shiga, kada ki gaji. Da dattawa ni zan yi magana. In aka tambaye ki wa ya ba ki wayar, ki ce yayan Azariya, Ezekiyel.

Yayanki

Yaya,

Na gode. Na kira yau. Da suka ga lambar suka ce, "Sanata ya dawo!" Na ce a'a, matarsa ce. Sai suka bar ni na faɗi komai har ƙarshe.

Gada tana nan yadda take. Gobe Emilia ce za ta kira, ni zan riƙe mata wayar. Ka kunna rediyonka.

Zipora