Takardun Gonata da Ofishin Lauya

Daren Talata, Bunkure

Na kasa barci. Yau na je Kano karɓo takardun gonar da na saya, na tarar ofishin lauyan ya zama shagon ɗinki. Telan ya ce, "Alhaji, ai sun tashi tun kafin azumi." Wayarsa ma a kashe.

Ranar ciniki Yaya Sale ya ce in kira mai unguwa a zaga iyaka gaban maƙwabta, na ce wa ke wannan yanzu, ina da lauya. Ga dashen tumatir ya isa, ga ɗan mai gonar yana cewa bai san an sayar ba.

Jibi zan nemi ƙungiyar lauyoyi. Gobe kam sai gidan mai unguwa, da goro, in Yaya ya yarda ya raka ni.