Kwalin da Mama Ta Ɗaure

Anti Afifa, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin idin Waliyiya Barbara na farkon Disamba, kaina ya kulle.

Ni 'yar garin Zahle ce, shekarata arba'in da shida, ni kaɗai na rage a gida tare da mahaifina. Yayyena maza biyu suna ƙasar waje, sai dai waya. Mahaifiyarmu Nazha ta rasu a watan Agusta, har yanzu baƙaƙen kaya ne a jikina.

A gidanmu ranar Barbara ake kafa bishiyar Kirsimeti, bayan an dafa alkamar da aka saba ci a idin. Kayan adonmu kuwa ba irin na kanti ba ne. Tun zamanin kakata, duk wanda aka haifa, ko ya yi aure, ko ya bar ƙasar, sai a ƙara abu ɗaya da sunansa. Akwai ƙwallayen gilashi da fentinsu ya koɗe, da tsuntsu mara wutsiya, da wani mala'ika da aka yi da kwalin taba a shekarar da 'yan gidanmu suka ci Kirsimeti a ƙarƙashin matakala saboda bama-bamai. Sun fi saba'in. Ba a rubuta komai a jikinsu ba, Mama ce take riƙe da su a ka. Tana ratayewa tana faɗin mai shi, ni kuma ina latsa waya ina cewa, "Haba Mama, kowace shekara labari ɗaya?" Wallahi yau in aka tsare ni, ba zan kawo goma daidai ba. Ko nawa ban tabbata ba, jan ne ko mai ruwan zinaren.

Baba kaɗai ya rage da sanin su, shi kuma mantuwa ta kama shi. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Amma kullum da safe sai ya ɗaga kai ya dubi saman kabad, inda kwalin kayan adon yake, ya ce, "Yarinya, yaushe za a sauke kwalin nan?"

To ga Gwaggo Wadi'a, ƙanwarsa. Da ta ji ina maganar kafa bishiyar sai ta dafe ƙirji: "Uwarki ko wata huɗu ba ta yi a kabari ba, za ki kunna fitilu a taga? So kike unguwa ta ce Nazha ba ta bar 'ya ba?" Kin dai san al'ada, gidan makoki ba bishiya, ba alewa, sai gahawa mai ɗaci har shekara ta zagayo. Yayana Nakhle ya ce in kafa abata, wa ya isa ya yi magana. E mana! Shi yana Kanada, ba shi zai shiga coci ran Lahadi a bi shi da ido ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Sau biyu ina hawa kujera, in taɓa kwalin, in sauko. Mama ce ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya da jarida da tsofaffin safa a watan Janairu, ta ɗaure da igiya, irin ƙullin nan nata. In na kwance, shi ke nan, babu sauran abin da hannunta ya bari yadda yake a gidan nan. In kuma na jira baɗi, Baba ba zai gane ko ɗaya ba. Ina kuka nake rubuta miki. Yaya zan yi?

Wadda ta rage a gida, Zahle

*

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba ki haƙuri.

Kada ki ga laifin gwaggonki. Ita ma makoki take yi, kuma mutuncin mamaciyar take karewa ta hanyar da ta sani. Sai dai ki lura, abin da al'ada ta hana shi ne bishiya da fitilu, alamar murna. Ban taɓa jin inda ta hana buɗe kwali ba. Ki haƙura da bishiyar bana, ba ita ce take shirin ɓacewa ba.

Ki shimfiɗa mayafi a teburin cin abinci da hantsi, lokacin da hankalin Baba ya fi zama a jikinsa. Ki riƙa miƙa masa ɗaya-ɗaya, biyar ko shida a rana, ban da titsiye shi da tambaya. Abin da ya faɗa ki rubuta a 'yar takarda ki ɗaura a jiki, ki kuma naɗi muryarsa a waya saboda yayyenki. Ki kira Gwaggo ta zauna da ku. Gidan ubanta ne, za ta san na zamanin kakarki, kuma in kika nemi taimakonta da wuya ta fita da maganar waje.

Batun ƙullin kuwa, ina jin shi ya fi Gwaggo tsayar da ke. Ki yanke igiyar ta gefe, ki adana ƙullin yadda yake. Amma mahaifiyarki ba don su dawwama a naɗe ta naɗe su ba, don a buɗe su bana ta yi, kamar kowace shekara.

Ba zan ɓoye miki ba, wasu sunayen sun riga sun tafi. Za ki miƙa masa abu ya jujjuya shi ya kasa tuna mai shi, kuma zai yi miki ciwo. Wanda ba a gane ba ki ajiye shi cikin sauran, na wani naku ne ko da babu suna. Kada ki jira Barbara, ki sauke kwalin gobe tun yana tambaya. Ranar da ya daina tambaya, kin makara.

Allah ya sassauta masa, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Afifa