Layi Ɗaya da Ba Ya Cikin Ma'ajiya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan nan naki, ya bar ki kina barci kuwa? Ki shafa mini kan jaririn nan naki, Sarkin Kuka.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayarki kullum tana hannun yara, ni kuma ba na son a karanta damuwata tsakanin wasa da wasa.

Na san har yau in an tambaye ki aikina, cewa kike yi Auta tana danna kwamfuta. To yau ki daure ki saurara. Mu biyar ne a ɗaki ɗaya, muna kula da manhajar wani asibiti. Duk abin da asibitin ya sani game da majinyatansa, suna, lambar waya, ranar ganin likita, yana cikin abin da muke kira rumbun bayanai. A cikin rumbun akwai umarnai da muka rubuta, kamar wanda ke tura wa mutum saƙo cewa gobe likita na jiransa. Rumbun biyu ne: na gwaji, inda muke ɓarnarmu, da na aiki, wanda asibitin ke amfani da shi.

Shekara da shekaru mutum ɗaya ke da ikon shiga rumbun aiki, har sunansa ya ɓace, muka koma kiransa Mai Makulli. Dattijo ne, teburinsa na jikin taga, kullum da kofin shayin da ya huce a gefen hannunsa. Shi ya koya mini aikin nan lokacin da na zo ban san gabas ba balle yamma. In abu ya lalace, sai ya shiga rumbun kai tsaye ya gyara da hannu, ya fito ya ci gaba da shayinsa. Gyaran yakan yi kyau, amma ba wanda ya san abin da ya taɓa, daga shi sai Allah.

Ni na kawo sabon tsari, kuma har gobe ina ganin shi ne daidai. Kowane umarni a rubuta shi a fayil, a sa a ma'ajiya guda, wadda ke tuna wanda ya canza abu da dalilinsa. Wani ya duba kafin a karɓa. Sannan na'ura da kanta ta mayar da rumbun aiki daidai da abin da ke ma'ajiyar. Abin da ba ya ciki kuwa, ta share shi.

Ga inda na yi ɓaram-ɓarama. A taron safe, da Manaja ya ce in yi bayani, baki ya yi mini daɗi, na ce rumbun asibiti ba aljihun rigar mutum ba ne. Dogo, abokin aikinmu da ba ya raina abin dariya, ya ƙyalƙyale, saura suka bi shi. A nan take Manaja ya ce daga yau an rufe shiga da hannu. Mai Makulli murmushi kawai ya yi. Da aka tashi ya tsaya bayan kujerata, ya ce mini a hankali in tabbata na gwada ma'ajiyar da rumbun aiki kafin in fara tura umarnan zuwa rumbun, kuma in ina so mu zauna tare mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yaya, magana zarar bunu ce. Tun ranar nake jin kunyar haɗa ido da shi. In na hango shi wajen tulun ruwa sai in koma in zauna da ƙishina.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina ƙalau, zuciyar ce babu daɗi. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ban zauna da shi ba. Zaman yini guda kusa da mutumin da na kunyata ya fi ƙarfina, sai na kwafi umarnan daga rumbun gwaji na cika ma'ajiyar, na ce ai duk ɗaya ne. Ranar turawa, na'urar ta nuna mini bambanci kamar yadda aka tsara ta. Layi ɗaya tak, a cikin umarnin tura saƙo, yana rumbun aiki, ba ya ma'ajiya. Ta sa masa jan launi, ta tambaye ni ko na yarda a share. Ban ko karanta shi har ƙarshe ba. Na ce a raina wani tsohon tarkacen Mai Makulli ne, irin wanda na zo sharewa. Na danna.

Layin nan shi ke hana saƙo zuwa ga lambar majinyacin da ya rasu.

Washegari da safe saƙonni suka fita. Duk mamacin da aka taɓa rubuta wa ranar dawowa, wayarsa ta yi ƙara, ana tuna masa likita na jiransa, kada ya makara. Ki tuna yawancin lambobin nan yanzu suna hannun mata da 'ya'ya ne. Wayoyin asibitin suka ɗauki ruri. An ce wata mata ta zo har teburin karɓar baƙi, ta ajiye waya a gaban ma'aikaciyar, ta ce ɗanta ba zai samu zuwa ba, ta juya ta tafi. Ban gan ta ba, amma tun da aka ba ni labarin nake ganinta.

Manaja ya tara mu yana huci. Ya tambayi me ya sa layin bai shiga ma'ajiya ba. Dogo ya ce ai da hannu aka saka shi, tun shekarun baya, ba a rubuta ko'ina ba. Ido ya koma kan taga. Mai Makulli ya amsa cewa shi ya saka. Aka tambaye shi dalilin da ya hana shi gaya wa kowa, ya yi shiru. Ba wanda ya tambayi wa ya ga jan layi ya danna. Ni kuwa ina zaune, hannuwana a ƙarƙashin tebur, na ja bakina na tsuke.

An ce ya zauna a gida har a yanke hukunci. Shugabannin asibitin sun ce sai an sallami wanda ya jawo abin. Mutum ne mai shekaru, Yaya, in ya bar nan ban san mai ɗaukarsa ba. Da zai fita ya wanke kofinsa ya kife, ya yi wa kowa sallama har da ni, da murya irin ta kullum. Da ma zagina ya yi.

Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa a gaban jama'a. Ga shi yanzu nawa ya fi tsawo, kuma ni kaɗai na san da shi. Ki gaya mini abin da zan yi, ko da yake na san abin da za ki ce.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce bayan ya yi sauƙi.

Amsarki ta zo, kuma ban san takarda na iya marin mutum ba sai yanzu. Kin ce Mama ba ta haifi matsoraciya ba. Kin ce wanzami ba ya son jarfa, ni da na kawo tsarin a duba aikin kowa, ga shi nawa ne kaɗai ba a duba ba. Duk gaskiya ne. Na yi ta tara hujjoji a kaina, cewa shi ma ya yi kuskure, cewa da ya rubuta da ba a kai nan ba. Hujjojin suna tsayawa da ƙafarsu har sai na ɗaga kai na ga kujerarsa.

Abin da ya ƙarasa ni, yau Manaja ya kira ni ofishinsa yana yabona. Ya ce wannan masifar ta nuna tsarina ne mafita, kuma in an gama da maganar dattijon ni zan riƙe rumbun gaba ɗaya. Har ya ce in koma teburin jikin taga, ya fi iska. Na ce na gode. Wallahi Yaya, na gode na ce. Na fito na shiga banɗaki na yi kuka kamar Sarkin Kuka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gobe a taron safe zan faɗa. Na rubuta miki ne don in na fasa ki san na fasa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan, ina fata yara suna lafiya.

Na faɗa. Ban rage komai ba: daga ina na kwafa, da jan layin da na gani, da shawarar da aka ba ni na ƙi bi. Dogo bai yi dariya ba. Manaja ya ce in fita. Daga baya aka ba ni takardar gargaɗi, aka kuma hana ni tura komai sai da idon mutum biyu. An gaya wa asibitin cewa kuskuren na turawa ne, an hukunta mai shi, kuma ba za a sallami kowa ba. Sun yi ƙorafi, amma sun haƙura. Mai Makulli zai dawo aikinsa.

Na roƙi Manaja ya bar ni in kai masa labarin da kaina. Ba zan ɓoye miki ba, a hanya har wani sanyi nake ji a raina, kamar wadda za ta karɓo lada.

'Yarsa ce ta buɗe mini ƙofa. Na same shi a falo yana gyara ƙafar wata kujera. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, na nemi gafara. Ya ce tun ranar ya sani, don na'urar ba ta share abu sai mutum ya gani ya yarda. Ya ce shi ma da nasa, don abin da ke kan mutum ɗaya in ya faɗi ya faɗi da shi, kuma tsarina ya fi nasa. Na tambaye shi me ya sa bai kare kansa ba.

Sai ya ce matarsa a asibitin nan ta yi jinyarta ta ƙarshe. Bayan rasuwarta da 'yan kwanaki, wayarta ta yi ƙara da safe, umarnin da shi da kansa ya rubuta yana kiranta ta zo ganin likita. Ya je ofis a ranar, ya shiga rumbu ya ƙara layin, bai iya buɗe baki ya gaya wa kowa ba. Ya ce a taron nan ma, da ya tsaya bayani, sai ya faɗi wannan a gaban Dogo da kowa, shi ya sa ya gwammace a sallame shi.

Daga nan ya ce in tashi, ya yafe, kuma ranar da ya dawo shi zai rubuta layin a fayil da hannunsa, ni in duba masa.

Da 'yarsa ta raka ni bakin titi ne ta gaya mini sauran. Wayar mahaifiyarta ba a taɓa kashe ta ba. Kullum yana sa mata caji, tana kan durowar gefen gadonsa, wani lokaci yakan buɗe ya saurari tsofaffin saƙonnin muryarta. Da safen da saƙonnin nan suka fita, ita ma ta yi ƙara. Yarinyar ta ce ya karanta, ya zauna bakin gado ya daɗe, sannan ya kashe wayar ya sa a cikin durowa, ya shirya ya tafi ofis. Har yau bai sake kunna ta ba.

Ya dawo jiya, Yaya. Ya rubuta layin, na duba, na karɓa, ma'ajiya ta ajiye shi da sunansa da dalilinsa, ba mai sake share shi a ɓoye. Kowa na cewa an gyara komai. Aikinsa na samu na mayar masa. Wayar kuwa ban san ta inda zan fara ba.

Ki sa ni a addu'a, ki sa shi ma.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta